Akwatin Kifi Mai Shuke-shuke da Tsarin Ƙasa Ƙarƙashin Yashi

Akwatin kifi mai shuke-shuke shi ne wanda ciyawar ruwa mai rai ke tace ruwan da kifi ke numfashi a ciki. A Maiduguri, inda aka fi sanin kifi a matsayin banda daga Baga, masu suka kan ce abin ƙawa ne na masu kuɗi, wai ba ya yiwuwa sai da famfon iska da lantarki dare da rana. Wannan hukunci na waɗanda ba su taɓa ganin komai ba ne sai akwatin otal mai furannin roba.

Asalin fasahar ba shi da alaƙa da lantarki. A 1849 Robert Warington, masanin sinadarai a Landan, ya zuba kifayen zinariya biyu da ciyawar Vallisneria a tulun gilashi, da ruɓaɓɓen ganye ya dagula ruwan sai ya ƙara dodon koɗi, ruwan ya washe. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a. Daga baya 'yan Holan suka maida akwatin lambu mai jeri-jeri, Takashi Amano na Japan kuma ya shahara da tsarin da ake hura wa iskar kabon daga silinda. Tsarinsa na da kyan gani, sai dai ya dogara ga kayan da ɗan Borno zai yi odarsu daga waje, kuma Maiduguri, garin da ya kwana cikin duhu watanni bayan an karya turakun wuta a 2021, ba zai jingina rayuwar kifinsa ga silinda da fitila ba.

Tsarin da ya dace shi ne wanda Diana Walstad ta bayyana a littafinta na 1999. Ana shimfiɗa ƙasar lambu kaurin santimita biyu zuwa uku a gindin akwatin, wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, a rufe ta da wankakken yashi mai tsakuwa kusan kauri ɗaya. Yashin ya hana laka tashi, saiwa kuma ta ratsa shi ta sha daga ƙasar. Ruɓewar da ke gudana a ƙasan nan ita ce ke sakin iskar kabon da masu bin tsarin Amano ke saye da kuɗi. Kashin kifi yana fitar da amoniya, guba ce gare shi, amma ciyawa ita take fi so a matsayin abinci, ragowar kuma ƙwayoyin bakteriya su sarrafa ta. Saboda haka ake dasa ciyawa da yawa tun ranar farko, a jira makonni kafin a saka kifi, kuma a fara da kaɗan. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe domin kulorin ya fice. Idan yashin ya yi kauri fiye da kima, ƙasar ta rasa iska ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar aiki ya ɓaci ke nan.

Zafi ne babbar jarrabawa. A watan Afrilu Maiduguri kan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. Da dare ciyawa ma shaƙar iskar take, shi ya sa ake ganin kifi na haki a saman ruwa da asuba idan an cika akwatin da kifi. Ana ajiye shi inda haske ke shiga amma rana ba ta duka, in ba haka ba gansakuka ta mamaye gilashin.

A nan kainuwa ke da ranarta. Tana yawo a sama, ta yi inuwa, ta zuƙe abin da gansakuka za ta ci, sai dai a riƙa rage ta kada ta toshe haske. Ciyawar Anubias barteri da ake sayarwa a Turai da tsada 'yar Afirka ta Yamma ce, sunanta daga Charles Barter wanda ya tara tsirrai a tafiyar Baikie ta kogin Kwara. Ba a binne jijiyarta, ɗaure ta ake yi a dutse. Mai sayen bokiti da gilashi a Kasuwar Kwastam na da kogin Ngadda kusa da shi, kuma ciyawar da ta saba da zafin nan ta fi wadda aka ɗauko a jirgi juriya. Karfasa da tarwada kam ba su dace da wannan akwati ba, domin ɗaya na tona rami ta cinye ganye, ɗayar kuma ta dagula laka.