Zaɓen Kalma da Fitar Lafazi a Bakin Sa'idu Faru

Sau da yawa in an ce ɗalibi ya yi nazarin salon mawaƙi, sai ya jero kalmomin Larabci da na sarauta, ya ce ya gama. Wannan rabin aiki ne. Zaɓen kalma ɓangare guda ne kawai. Ɗaya ɓangaren shi ne lafazi, watau yadda kalmar ke fita daga baki har ta isa kunne ba ta tauye ba. A waƙar baka kuwa ba a raba su.

Mu ɗauki Alhaji Sa'idu Faru, makaɗin kotso daga ƙasar Maradun, wanda ya rasu a 1987. Ba a banza ake ce masa Malamin Waƙa ba. Duk wanda ya saurari waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996, zai ji cewa kotso na tashi, 'yan amshi na karɓi, amma kalma ɗaya ba ta nutse ba. Dole ne kuwa. Makaɗin fada yana yabo, yana zambo, yana habaici a gaban masu sarauta, kuma habaicin da wanda aka yi dominsa bai ji ba, asarar numfashi ne.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen rubutawa. Sa'idu da Hausar Zamfara ya yi waƙa, amma sai ka ga ɗan'uwa ya mayar da ita Daidaitacciyar Hausa, wai gyara yake yi. Alal misali, a maganar yau da kullum Bazamfare zai ce "da yat tahi", Bakano ya ce "da ya tafi". Ma'ana ɗaya ce, nauyi ne ya bambanta: "yat" gaɓa ce mai nauyi, "ya" kuwa a nan marar nauyi. Cire wannan "t" guda, sai kari ya gurgunce, kalma ta daina zama bisa kiɗa. Haka "ɗiya": a can tana iya nufin 'ya'ya baki ɗaya, mai sauraro a Kano kuwa 'ya mace zai fara kawowa a rai. (Sunan garin ma, a bakin mutanensa Hwaru ne.)

Saboda haka ni dai ban yarda da sharhin zaɓen kalmomin Sa'idu da aka yi daga takarda kaɗai ba. A kunna faifan, a saurara sau uku ko huɗu, a rubuta yadda ya furta, in da hali a nemi dattijon Mafara ko na Bakura ya duba, sa'an nan a fara sharhi.