Fifita Namiji a Rubutun Nazari da Hausa

A yawancin kundayen digiri da maƙalun Hausa, sai a tarar da "manazarci ya lura", "ɗalibi zai gane", tamkar ba a taɓa yin malama ba. Wannan aibi ne, balle a Sakkwato, inda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi talifi, ta kuma kafa 'Yan Taru. Amma aro salon "shi/ita" daga Ingilishi yana nauyaya jimla, domin a Hausa jinsi yana bin wakilin suna da sifa da madanganci. Alhali harshen yana da nasa magani: jam'i da lamirin "an" ko "aka" ba su bambance mace da namiji. "Manazarta sun lura" ko "za a gane" sun wadatar. Ya rage ga editocin mujallu su mai da wannan ƙa'ida.