Hannun da Ke Sa Fiyano Ya Yi Hausa

Kiɗan da ke tashi daga lasifikar shagon cajin waya a Warra, da wanda ake cashewa da shi a gidan biki a Yelwan Yawuri, da wanda matuƙin kwale-kwale ke ji a wayarsa yana ratsa tafkin Kainji, kusan duk daga abu ɗaya suka fito: fiyanon Yamaha mai maɓallai 61, wanda aka ƙera ba tare da an san akwai wani abu wai shi kalangu ba. Amma ka kasa kunne, ga kalangun nan yana magana, ga sarewa, ga goge yana kuka. Wanda ya yi wannan aiki ba kasafai ake jin sunansa ba, sai dai in mawaƙi ya ga dama ya ambace shi a ƙarshen waƙa.

Abin ya kankama ne a Kano a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da situdiyon Iyan-Tama ya sayo ƙaramin Yamaha samfurin PSR-220, daga baya aka samu PSR-730 mai yawan sautuka. A 1999 fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta game ƙasar Hausa, kowane mai shirya fim ya ce shi ma irin wannan kiɗa yake so. A shekarar ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, mutumin da ya shafe rayuwarsa makaɗan kalangu na zaune a bayansa. Daga nan aikin da mutum biyar ko shida ke yi ya koma kan yatsu goma.

Masu cewa ai danna maɓalli ne kawai ba su taɓa zama kusa da gwani ba. Fiyanon yana zuwa da nasa kiɗe-kiɗen da aka riga aka zuba masa, na Turawa da na Latin Amurka, kuma farkon abin da mai kiɗan Hausa ke yi shi ne ya kashe su. Sai ya gina nasa hawa-hawa. Ya buɗe sashen ganguna, inda kowane maɓalli ke da nasa bugu, ya ɗora uwar ganga, ya dawo ya ɗora ƙarama mai amsa mata, sannan kacau-kacau, sannan tafi. Na'urar tana da dabarar daidaita bugu ya faɗa daidai kan ƙa'ida, kuma a nan ake gane ɗan koyo, domin shi komai sai ya miƙa mata ta gyara, kiɗan ya fito a sanƙare. Gwani yakan bar wani bugun ya ɗan makara, wani ya ɗan yi gaggawa, yadda hannun makaɗi ke yi, don a nan rawa take.

Kalangu shi ne babbar jarrabawa. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa na hawa tana sauka, kuma makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammatarsa ya sassauta don fatar ta bi wannan hawa da sauka, har mai ji ya gane kirarin da ake yi. Maɓallin fiyano kuwa sauti ɗaya ya sani, ba ya tanƙwaruwa. Mafita tana gefen hagu, wata 'yar ƙaramar taya da ake murzawa da babban yatsa ta ja sauti sama ko ƙasa. Dama na bugu, hagu na murza taya, kuma dole murzawar ta zo a daidai lokacin da hammata za ta matsa. Wanda bai taso yana jin kalangun mahauta ko na 'yan dambe ba, zai murza tayar, amma ba za ta ce komai ba. Da wannan tayar ake sa sautin goge na Turawa ya yi kukan gogenmu, a kuma ɗauki sautin wata algaitar Indiya da ke cikin na'urar a mayar da ita ta ƙofar fada. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan fiyano kuma biyar-biyar suke jere, shi ya sa za ka ga yatsun wasu sun fi zama a kansu. In muryar mawaƙiya ba ta kai ba, akwai maɓallin da ke sauke kiɗan gaba ɗaya ya same ta inda take.

To me ya sa mai sabon fiyano, ga kwamfuta mai FL Studio ko Cubase, ga makirufo da mikisa, yake ajiye tsofaffi biyu ko uku a jingine da bango, an lulluɓe su da zani? Domin kowane samfuri da muryarsa. Sarewar PSR-730 siririya ce, ba ta kai ta sababbi kama da ta gaske ba, amma ita kunnen mutane ya sani, kuma ranar da uwar amarya ta ce a yi mata irin kiɗan zamaninta, babu abin da zai fitar da shi sai ita. Ga kuma kiɗe-kiɗen da mutum ya gina shekara da shekaru suna kwance a faifan filofi, wanda sabon fiyano mai cin filasha ba shi da ramin sa shi. Riƙon waɗannan kaya sana'a ce ta daban. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin robar maɓalli ta kashe shi, sai a kwance a goge. A bakin tafki damshin damina ne ke cin waya. Wutar janareto kuwa in ta yi tsalle sau ɗaya ta gama da adafta, don haka mai hankali ba ya jona komai sai ta sitabilaiza. Abin dariya, madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana nan kudu da Warra tana ba ƙasa wuta, mai fiyano kuma yana lissafin litar fetur kafin ya karɓi aikin biki.

Akwai wanda ya riga masu fiyanon Kano a wannan hanya, kuma ba a Kano yake ba. Mamman Sani na Yamai ya sayi tsohon ogan ƙirar Italiya, samfurin Orla, daga hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu a taron UNESCO, ya zauna ya koya wa kansa, yana fitar da karin waƙoƙin gargajiyar Nijar a kansa. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasar, kwafi kaɗan aka buga. Shekaru da dama 'yan Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a faifan garmaho, masu sauraro a Turai suka shiga tambayar wace irin na'ura ce wannan, kuma wa ke bugawa.