DJ ɗin Abijan da DJ ɗinmu

A bukukuwan aure na Betso da sauran garuruwan ƙasar Mubi, yanzu ba kasafai ake gayyato mai kalangu ba. Janareto ake kawowa da manyan sifiku, sai saurayi riƙe da makirufo yana kiran dangin ango ɗaya bayan ɗaya har su fito su yi liƙi. Dattawa na cewa DJ ya kashe roƙo. Ni kuwa ina ganin roƙon yake yi, kayan aiki kawai ya sauya. Abin da ke damuna shi ne DJ ɗinmu ya tsaya a nan.

A Kwaddibuwa ma da kiran suna aka soma. Kiɗan coupé-décalé, wanda Douk Saga da abokansa 'yan Kwaddibuwa suka ƙirƙiro a gidajen rawa na Faris a farkon shekarun 2000, a kan wasa masu kuɗi da watsa takardun kuɗi aka gina shi. A cikinsa Ange Didier Houon, wato DJ Arafat, ya taso. An haife shi a 1986, uwarsa mawaƙiya, ubansa makaɗi, ya soma juya faifai yana yaro a mashayun unguwar Yopougon ta Abijan. A 2003 ya fitar da waƙar ta'aziyyar wani abokin sana'arsa, Jonathan, daga nan ya bar juya faifan wasu, ya koma tsara nasa kiɗan, kusan kowace waƙa da irin rawarta. Ba na yaba duk halayensa, rigimarsa da 'yan uwansa mawaƙa ta yi yawa. Amma da ya rasu a haɗarin babur ranar 12 ga Agustan 2019, yana da shekara 33, sai da aka kai jana'izarsa filin wasa na Houphouët-Boigny saboda yawan jama'a.

Namu fa? Waƙoƙin Kano da Legas da na Kamaru yake lodawa a waya, ya danna, ya yi ta ihu a kai. Alhali a ƙasar Mubi akwai gangunan Fali da na Gude, ga waƙoƙin Fulani, kuma masu kaɗa su suna raye.

Samarin Mubi masu kayan sauti, ku je wurin tsofaffin makaɗan nan da na'urarku, ku biya su, ku ɗauki kiɗansu, ku ɗora naku a kai.