Jinjina ga Mawaƙan da Suka Ɗauki Kewar Soja

A Doka, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, inda bariki da unguwa suka daɗe suna maƙwabtaka, mawaƙan yaƙi, wato marubuta da makaɗan da ke mayar da halin soja baiti, sun cancanci jinjina. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya riƙa yaɗa waƙoƙin ƙarfafa gwiwar dakaru, Aƙilu Aliyu kuwa yana cikin waɗanda suka yi wa soja waƙa a rubuce.

Aikin ya fi yabo wuya, domin sai mawaƙi ya saurari wanda ya dawo daga fagen daga yana firgita cikin barci, ya fahimci tabon zuciya, wato raunin da tashin hankali ke bari bayan jiki ya warke, sannan ya auna kalmomin da za su faɗi kewar mahaifiya da gona ba tare da sun zubar wa namiji kwarjini ba. Al'ada ta hana soja kuka a bainar jama'a, saboda haka iyalai da dama daga bakin mawaƙi suka fara jin abin da ɗansu ya kasa faɗi.