Awon tabki da mudun teku

A ranar 2 ga Fabrairu 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kiyaye wurare masu dausayi. Ma'anar da aka ba waɗannan wurare tana da faɗi ƙwarai. Ta haɗa fadama da tabki da gulbi, na dindindin da na damina, masu ruwan daɗi da masu ruwan gishiri, har da gefen teku inda zurfin ruwa bai wuce mita 6 ba idan ya janye. Ta haka ne gaɓar tekun Senegal da tabkin ƙasar Arewa suka shiga ƙarƙashin suna guda, ko da yake sai mutumin Sukukutane ya ƙetare wata ƙasa kafin ya ga teku da idonsa. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987, kuma a ranar 26 ga Afrilu 2004 aka sanya kudancin Dallol Mauri, wajen Gaya, fili mai faɗin hekta fiye da 300,000, cikin jerin wuraren da duniya ta amince da muhimmancinsu.

A 1997 ofishin yarjejeniyar, da ke Gland a ƙasar Suwis, ya wallafa wani littafi na masana uku, Edward Barbier da Mike Acreman da Duncan Knowler. Sunansa da Faransanci «Évaluation économique des zones humides», wato ƙiyasta darajar wurare masu dausayi da ma'aunin tattalin arziki. An rubuta shi domin mahukunta da masu tsara ayyukan raya ƙasa, amma hanyar da ya shimfiɗa ta daɗe da fita daga ofis ta shiga takardun ayyuka da tarukan ƙungiyoyi. Saboda haka ya cancanci malamai su karanta shi da idon basira, su ga abin da mudunsa yake aunawa da abin da yake zubarwa idan an kawo shi bakin tabkin Arewa.

Abin da littafin ya zo da shi

Hujjar marubutan mai sauƙin fahimta ce. Duk abin da ba a yi wa kuɗi ba, mai tsara aiki yakan ɗauke shi a matsayin banza. Idan aka tashi gina madatsar ruwa ko sare wani daji, ribar aikin tana zuwa da alƙaluma, hasarar fadama kuwa tana zuwa da koke-koke kawai, kuma a gaban ma'aikatar kuɗi alƙaluma ne ke rinjaye. Don haka suka kasa darajar dausayi gida-gida. Akwai amfanin da ake ɗiba da hannu, kamar kifi da itace da kiwo da noman rani. Akwai aikin da wurin ke yi ba tare da an gani ba, kamar tare ambaliya da cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai amfanin da ake ajiye wa gobe. Sannan akwai darajar kasancewar wurin kanta, ko da mutum ba zai taɓa zuwa can ba.

Daga cikin misalan da suka kawo, biyu na bakin teku ne: fadamun gaɓar kudu maso gabashin Amurka, da dajin Bintuni na ƙasar Indonesiya, inda itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suke zama mahaifar kifi da jatan lande. Binciken Bintuni ya nuna cewa gwargwadon ƙarfin dangantakar dajin da kamun kifi, gwargwadon hasarar da ke cikin sare shi ƙarmus domin sayar da katako. Mai sara yana ganin kuɗinsa yau, masunci kuwa sai bayan shekaru yake ganin komarsa ta yi sauƙi.

Misalin da ya fi kusa da mai karatun Hausa shi ne na fadamar Haɗeja da Nguru a arewacin Nijeriya. Bayan gina madatsar Tiga a 1974, ruwan da ke malala a fadamar ya ragu, domin an karkatar da shi zuwa babban aikin noman rani na kogin Kano. Da Barbier da abokan aikinsa suka lissafa noma da su da itacen wuta kaɗai, sai suka samu cewa kowace mita kubik 1,000 ta ruwa tana samar da ribar dalar Amurka 9.6 zuwa 14.5 a fadama, alhali a aikin Kano ba ta kai ko kashi 5 cikin 100 na dala guda ba. Nan ne littafin ya fi ƙarfi. Ya ɗauki harshen masu madatsa ya kayar da su da shi, ya tabbatar da cewa abin da ake kira ɓarnar ruwa a fadama shi ne ke ciyar da manomi da masunci da makiyayi. Duk mai sukar littafin ya wajaba ya fara amsa masa wannan.

Inda mudun yake yoyo

Matsala ta farko ta harshe ce, kuma malamin da ke koyar da harsuna biyu zai riga kowa ganinta. Kalmar Faransanci «valeur» guda ce, Hausa kuwa ta raba ta. Farashi na kasuwa ne, amfani na mai aiki da abu ne, daraja da ƙima na matsayi ne a idon jama'a, albarka kuma ba a hannun mutum take ba. Littafin ya san da wannan bambanci, tun da ya yi gidaje huɗu, kuma marubutan sun yarda cewa lissafin kuɗi yanki ne kawai na abin da ya kamata mai yanke shawara ya duba. Amma a ƙarshen aiki dukan gidajen huɗu ana zuba su cikin buhu guda a rubuta jimla. Da zarar jimlar ta fita, ita ake ɗauka a tafi da ita, gargaɗin marubutan kuwa a bar shi a shafinsa.

Ta biyu ita ce hanyar gano darajar abin da ba a sayarwa. Ɗaya daga cikin dabarun da littafin ya bayyana, da misali daga fadamun Norfolk na Ingila, ita ce a tambayi mutane nawa za su yarda su biya domin a kiyaye wurin. Amsar irin wannan tambaya tana bin nauyin aljihu. Idan aka yi ta ga magidancin Sukukutane a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba, abin da zai ambata kaɗan ne, ba don tabkin da dabbobinsa ke sha ba shi da muhimmanci a gare shi ba. Mai yawon shaƙatawa a Ingila zai ambaci ninkinsa sau da yawa a kan wurin da rayuwarsa ba ta rataya a kai ba. Idan aka jera amsoshin biyu a tebur guda, talauci ne aka auna, aka ba shi sunan daraja.

Ta uku ita ce abin da ba a bincika ba. A shekarar da littafin ya fito, Robert Costanza da abokansa suka wallafa a mujallar Nature wani ƙiyasi da ya yi suna, cewa ayyukan da halittu ke yi wa ɗan Adam sun kai dalar Amurka biliyan dubu 33 a shekara, kuma kimanin kashi 63 cikin 100 daga teku da gaɓarta suke. A teburin nasu, layin hamada an bar shi babu adadi, saboda ƙarancin bincike. Masanan sun san gurbi ba sifiri ba ne, amma mai karatu cikin gaggawa sifiri yake gani. Haka abin yake ga ƙananan tabkunan arewacin gundumar Dogondutsi. Suna cika da damina su ƙafe da rani, suna nesa da iyakar wurin da aka yi wa rajista a 2004, kuma ba su da girman tabkin Madarunfa da ya shiga jerin Ramsar a 2019. Abin da bai shiga takarda ba yana da sauƙin cikewa da yashi ko kewayewa da shinge.

Darasin ruwan ƙasa

Akwai wani al'amari a kudu maso yammacin Nijar da ke nuna amfanin littafin da iyakarsa a lokaci guda. Masu binciken ruwa sun gano cewa a yankin gabashin Yamai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne sare daji domin noma ya bar ƙasa tsirara, ruwan sama ya daina nutsewa a gona, yana gangarawa ta kwazazzabai ya taru a tabkuna, daga nan ya tsiyaya ƙasa. Ke nan tabki shi ne ƙofar da rijiya ke sha ta cikinta, kuma irin wannan shimfiɗar ƙasa mai riƙe ruwa ce ta miƙa har ƙarƙashin Dogondutsi. Wannan shi ne ainihin aikin ɓoye da littafin ya ce a lissafa, kuma ya yi gaskiya.

Sai dai mai lissafin da ya tsaya a bakin tabki zai rubuta ƙaruwar ruwa a matsayin riba, alhali ruwan nan da naman gonar tudu ya zo, kuma yashin da ya kwaso shi ne ke cike tabkin a hankali. Ribar mai lambu a kwari hasarar mai gero ce a kan tudu. Jimla ba ta faɗin wannan, domin ba ta tambayar wa ya samu, wa ya rasa.

Wa ke da haƙƙi

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a ƙasar Arewa. Tabki guda yana da masu shi da yawa a shekara guda: makiyayi mai wucewa da garke, mata masu ɗibar ruwa, masu buga tubali idan ya ja baya, mai lambun da ke bin laimarsa da rani. Lambunan Tabkin Saw na Dogondutsi da dankalin da garin ya yi suna da shi sun nuna irin arzikin da ke bakin ruwa. Idan farashi ne kaɗai alƙali, lambu zai kayar da mashaya a kowace shari'a, tun da buhun dankali yana da kuɗi a kasuwa, shan saniya kuwa ba a rubuta shi. Daga nan sai shinge ya toshe burtali, rikici ya biyo baya. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, da dokar kiwo ta 2010 da ta amince da ƙaurar makiyaya a matsayin haƙƙi, sun fi littafin kusa da gane wannan, domin su daga haƙƙi suka faro.

Tarihin giginyar kudancin Dallol Mauri ma shaida ne. Darajarta ba ta taɓa ɓoyuwa ga kowa ba: azara ga magini, muruci da ƴaƴa ga kasuwa, ganye ga masu saƙa. Duk da haka ta yi ta raguwa a lokacin da ikonta ke hannun ma'aikatan gandun daji kaɗai, domin manomi bai ga dalilin renon itacen da wani zai ba da izinin sarewa ba. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis, aka mayar da kulawa da wani kaso na kuɗin ga kwamitocin ƙauyuka. Abin da aka gyara shi ne iko. Ga kuma wani abu: lissafin tattalin arziki yana rage nauyin ribar da za ta zo bayan shekaru masu yawa, alhali giginya itace ce da kaka ke bari domin jika.

Arawa da Gubawa sun daɗe da nasu tsarin. Marc-Henri Piault, a littafinsa «Histoire Mawri» na 1970, ya bayyana yadda sarauta take gefe guda, ƴan ƙasa masu alƙawari da wurin suke gefe guda, irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Ko mai karatu ya yarda da abin da ke bayan wannan tsari ko bai yarda ba, sakamakonsa a fili yake: akwai itacen da ba a sarewa, akwai wurin da ba a nomewa, kuma ba kuɗi ne ya hana ba. Mai tambayar nawa za a biya ba shi da gurbin rubuta amsar wanda ya ce wurin ba na sayarwa ba ne.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Littafin Barbier da abokansa makami ne na ranar shari'a, ranar da wani babban aiki ya zo da alƙalumansa yana neman ruwa ko fili. A irin wannan rana, rashin lissafi kamar shiga kokawa ne da hannu ɗaure. Amma ba shi ne matakin farko ba. Kafin a yi wa tabki kuɗi sai an san da shi, kuma wannan aiki ne da kwaleji da ƙungiyar raya al'adu za su iya ba tare da jiran masani daga waje ba. Ɗaliban Sukukutane da Matankari da Kore Mairuwa da Tibiri suna iya rubuta sunan kowane tabki na garinsu da ma'anar sunan, watan da yake cika da watan da yake ƙafewa, waɗanda ke amfani da shi a kowane lokaci, hanyar da dabbobi ke bi su isa gare shi, abin da aka hana yi a bakinsa, da inda dattawa suka san iyakarsa a da. A rubuta da Hausa tukuna, sannan a juya zuwa Faransanci, a ajiye kwafi a makaranta, a kai wani ga kwamitin filaye na ƙaramar hukuma.

Ranar da mai mudu ya iso, zai tarar tabkin yana da suna da tarihi da masu haƙƙi a rubuce. Sai ya auna abin da ke aunuwa, sauran kuma ya same shi da masu tsaronsa.