Wai Malam Aminu Likita Ne?

Wata Laraba muna ɗakin karatun wata makaranta a Tarauni, mun je gyara musu manhajar da suke lissafin littattafai da ita, sai ga 'yan aji biyar sun shigo da aikin gida: kowa ya rubuto shafi guda a kan tarihin Malam Aminu Kano. Hajiyar da ke kula da laburaren ta laluba ko'ina. Abin da ta samo shi ne littafin Alan Feinstein na 1973, da Turanci, wanda ko ɗan jami'a sai ya daure zai gama shi. Ta mayar da shi inda ta ɗauko.

Wani yaro ɗan Gyadi-Gyadi bai ma jira ba, ya riga ya rubuta cewa Malam babban likita ne. Ba mu ga laifinsa ba. Kullum yana wuce asibitin koyarwa mai sunan Malam a titin Zariya, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa an kafa asibitin ne a 1988, shekara biyar bayan rasuwar mai sunan.

Sauran kuwa daga wayar iyayensu suka kwafo, duk bakinsu ɗaya: an haife shi a 1920, ya yi Kwalejin Kaduna, ya je Landan, ya jagoranci NEPU, ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Mu masu aikin kwamfuta mun san irin wannan rubutun, layi ne a rumbun bayanai, kowane gurbi an cike shi. Sai dai babu mutum a ciki. Yawancin "tarihin wane" da muke miƙa wa yara haka yake, rabi kwanan wata, rabi kirari, kamar jawabin ta'aziyya. Gwarzon ba ya kuskure, ba ya jin tsoro, kai ka ce da rawaninsa aka haife shi.

Alhali labarin yana nan. Ɗan malamin kotun alƙali ne ya tashi yana ƙalubalantar sarauta. Malamin makaranta ne a Maru ya ajiye aikin albashi a 1950 ya shiga siyasar da ake ɗaure mutane a kanta. Me ya ji ranar? Me aka ce masa a gida? Nan ne yaro zai buɗe kunne. Abubakar Imam ya gane haka tun a 1937, shi ya sa har yau, in ji Hajiya, Magana Jari Ce ne littafin da take yawan manne wa bango.

Ita tana ɗora laifin a kan malaman aji, masu ba da maki ga shekaru kawai. Mu muna ganin marubuta sun fi su laifi. Malam da kansa ya zauna ya rubuta Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur da Hausa, amma mu da muka cika kasuwa da littattafan soyayya ba mu sa wa Hajiya shafi talatin masu zane a kan Malam ko Gambo Sawaba a laburarenta ba.

Yaron nan dai ba ta goge masa "likita" ba. Ta tambaye shi ko kakansa yana da rai. Ya ce e, a Gwammaja yake. Ta ce, "To, je ka tambaye shi wane ne yake zaune a gidan Mumbayya, ka dawo min ran Litinin."